Gonar Tata Velile a Hawa na Uku

Shekara goma sha tara ke nan ƙofata na kallon ƙofar Tata Velile Mbutuma, a hawa na uku na wani tsohon bene da ke Quigney, nan garinmu na East London, layi biyu tsakaninmu da bakin teku. Tata a harshenmu baba ke nan. Ni tela ce, sunana Thozama. Shi kuwa gyaran lantarki ya yi a tashar jiragen ruwa, har shekaru suka cika aka sallame shi da takardar yabo da agogon bango. Agogon bai kwana biyu a gidan ba ya kwance shi ɗai-ɗai a kan teburin cin abinci, don kawai ya ga abin da ke sa shi kaɗawa. Halinsa ke nan, ba ya iya zama da abu bai leƙa cikinsa ba. Matarsa, Mama Buyiswa, takan ce da ita ma tana da noti, da tuni ya kwance ta ya ga ta inda faɗa ke fitowa.

Dattijon coci ne. Ranar Lahadi in ya sa jar falmaran ɗinsa ya ɗauki littafin waƙoƙi, ko matasan da ke zaman banza a bakin shagon ƙasa sukan ɓoye sigarinsu a bayansu har ya wuce. Bai taɓa sa taba a baki ba, giya kuwa ko a biki ba ya taɓa kofinta. Shi ya sa abin da zan ba ku labari ya ba kowa mamaki a benen nan.

Shekarar da mahaifiyarsa MaJola ta rasu, can ƙauyensu bayan Lusikisiki, tana da shekara casa'in da ɗoriya, ya je biso ya dawo da abu ɗaya tak, wato keken ɗinkinta na hannu. Ya saɓo shi har ɗakina ya dire. Sisi yake ce min, wato 'yar'uwa.

"Sisi Thozama, duba min tsohon nan. Na ba shi mai, na goge shi, amma zaren sai cukurkuɗewa yake. Ilimina ya tsaya a nan."

Na kifa keken don in ga ƙasansa, sai na ji wani abu na kwaram-kwaram a cikin akwatin katakon. Na zura hannu na zaro wani ɗan gwangwanin tabar hanci, an naɗe bakinsa da tsumma. Na buɗe. Wasu 'yan ƙwayoyi ne masu ruwan toka da ɗigo-ɗigo, ba su kai barkonon tsohuwa girma ba.

Na ce, "Makhulu tsuntsaye take kiwo ne?" Makhulu muke ce wa tsohuwar da ta kai kaka.

Ya juye su a tafin hannunsa yana ta kallo. Mama Buyiswa, wadda ta biyo shi da kofin shayinta, ta leƙo ta kafaɗarsa ta ja tsaki.

"Wane tsuntsu? Irin wiwi ne, Thozama. Kin ga dattijon cocinku? To ga abin da ya kai shi makaranta."

Ranar ce na fara jin labarin. MaJola na da 'yar gona a can ƙasan kwari, inda mota ba ta zuwa, tana shuka masara a gaba, wiwi a baya. Mijinta ya tafi aikin haƙar zinariya bai dawo ba, da gonar nan ta riƙe 'ya'ya biyar. Velile ya ce yana iya tuna ranar da jirage masu saukar ungulu suka zo suna feshin magani a kan gonakin kwarin. Masara ta ƙone, kabewa ta ƙone, mahaifiyarsa ta tsaya a bakin ɗaki da hannu a ka. Bayan kwana uku ta ɗauki fartanya ta koma can wani lungu ta sake shukawa. Tun da ya baro ƙauye bai taɓa gaya wa kowa wannan ba sai matarsa.

Ya ce, "Ta fi shekara goma sha biyar da daina noma. Sisi, kina jin waɗannan suna da rai?"

"Ina zan sani, Tata? Ni yadi na sani."

"To ai sai an gwada."

Mama Buyiswa ta ajiye kofin. "A gwada a gidan wa?"

Sati guda suna wannan rigima, ina jiyo su ta bango. Shi yana cewa tun da babbar kotun ƙasa ta yanke hukunci, babban mutum na iya shuka abinsa a cikin gidansa don amfanin kansa, muddin ba sayarwa zai yi ba. Ita tana cewa kotu ba ta zuwa cocinsu, ita ce ke zuwa. A ƙarshe suka shirya a kan sharaɗi biyu: ba zai taɓa banɗakinta ba, kuma ba za a ga ko ganye ɗaya ta taga ba. Ta bar masa ɗan ɗakin ajiya na bayan kicin, inda suke jibge akwatuna da kayan yaran da suka girma suka watse.

Ya shimfiɗa irin a jiƙaƙƙen tsumma, sun kai arba'in. Kullum da safe sai ya ɗaga tsumman ya leƙa, ya mayar. Rana ta tara ya buga min ƙofa da ƙarfi, har na zaci gobara ce. Guda biyar sun fasa baki, kowane da ɗan farin wutsiyarsa. Mutumin da na ga ya binne ɗansa na fari bai yi hawaye a gaban mutane ba, ran nan sai ga shi yana share ido da bayan hannu yana dariya.

Matsalar farko ita ce rana. Ɗakin ajiyar ba shi da taga sai wata 'yar kafa ta iska. Sai ya ce in raka shi wani shago a Berea da ake sayar da kayan shuka na cikin gida, don a cewarsa, in aka ga dattijo shi kaɗai a irin wurin za a yi masa fassara, amma in da mace a gefe za a ce furanni suka zo nema. Mai shagon wata Ba'indiya ce, Anti Saras, gajera mai tabarau a kan goshi, bakinta ba ya hutawa. Ta tambaye shi wane iri ne gare shi. Ya ce na mahaifiyarsa ne, daga tsaunukan Mpondo.

Ta sauke tabarau ta dube shi. "A ɗaki za ka shuka wannan? Baba, silin ɗinka ƙafa nawa ne?"

"Kamar na kowa."

"To ka je ka roƙi na samanka su ba ka aron falonsu. Wannan irin bai san rufi ba. Ga nawa nan gajeru, masu ladabi, wata uku ka girbe."

"Ba girbi na zo nema ba, 'yata. So nake in ga abin da zai yi."

Ta ce ta shekara tana sayar da kaya ba ta taɓa jin wannan amsar ba. Fitilunta ma bai saya ba. Ya juya ɗaya a hannu, ya karanta abin da ke jikinta, ya tambaye ta tambayoyi har ta gaji ta jawo kujera, sannan ya ce zai haɗa tasa. Abin da ya ɗauko daga wurinta, wanda ya fi komai tsaya masa a rai, magana ce guda: wai shukar nan ba ta fure sai ta ga duhu ya yi tsawo, kamar yadda yake yi in kaka ta gabato. A hanyar dawowa bai bar zancen ba.

"Sisi, ba ta da ido, ba ta da agogo. Da me take ƙirga duhun?"

"Ka tambaye ta mana, tunda a gidanka take."

Cikin kwana huɗu ɗakin ajiya ya koma wani abu dabam. Ya shafe bangon da farin fenti, ya rataye fitila da sarƙar keke yadda zai iya ɗaga ta ya sauke, ya ɗaure tsohuwar fanka a kusurwa don shukokin su sha iska kamar a bakin kwari. Ya haɗa wani agogo da ke kunna wutar ya kashe da kansa. Ƙasar da ya zuba a bokitai kuwa ya gauraya ta da busasshen kashin shanu da ya roƙo wurin masu sayar da dabbobi a hanyar Mdantsane, ya hau tasi da buhun a cinyarsa, fasinjoji na toshe hanci.

Lokacin ana fama da ɗauke wuta, wani sa'in sau uku a yini. Mu damuwarmu firiji da dutsen guga, shi damuwarsa kada a rikita wa 'ya'yansa lissafi. Haka yake kiran shukokin. Ya samo tsoffin batura biyu na babbar mota ya haɗa, sai ya zamana duk benen in wuta ta tafi, wuri ɗaya ne ke da haske, shi ne ɗakin wiwi. Mama Buyiswa ta ce shekara arba'in da biyu tana aure da mai gyaran lantarki tana girki da kyandir, yau ga ciyawa ta zo ta sami gata. Washegari ya ja mata waya zuwa kicin ya sa mata ƙwan lantarki ɗaya. Ta ce ta gode wa ciyawa.

Maganar Anti Saras ta tabbata. Shukokin suka miƙe kamar ana jan su da igiya, sirara, ganyensu kamar yatsun mai kiɗan molo. Ya riƙa auna tsawonsu da fensir a jikin ƙofa. Suka wuce ƙugunsa, suka wuce kafaɗarsa, ya ɗaga fitila har sarƙar ta ƙare. Ɗaya ta taɓa ƙwan ta ƙone kai. Ɗaya ta yi rawaya ta mutu, bai san dalili ba, ya tone ta ya wanke saiwar ya shanya a jarida yana dubawa kamar likita. Sauran ukun da suka yi ƙarfi ya lanƙwasa su a hankali, yana ɗaure su da ƙyallayen da nake yarwa. In ka shiga ɗakin sai ka ga rassa sun bi bango sun karya kwana, kowane da ɗaurin atamfa, kamar 'yan mata za su biki.

Da ya ƙara musu tsawon duhu, sai suka nuna ko su wane ne. Biyu suka fitar da fararen gashi siri-siri a gaɓoɓinsu, ɗaya kuma ya fitar da wasu 'yan ƙulla-ƙulla kamar ƙananan ayaba. Ya ɗauki hoto a waya ya kai wa Anti Saras.

Ta ce, "Waɗannan biyun mata ne, barka. Wannan namiji ne. Yau ɗin nan ka sare shi."

"Me ya yi?"

"Bai yi ba tukuna, zai yi. In ya buɗe ya watsa garinsa, matan nan duk iri za su cika da shi, furen ya lalace. Kowa sare shi yake."

Da ya dawo ya shigo ɗakina. Ya zauna a kujerar da masu kawo ɗinki ke zama, ya ce shi bai ga yadda za a yi abu ya kwana shekara goma sha biyar a gwangwani, ya yi ta maza ya fito, sannan a sare shi don kawai namiji ne ba. Kuma in babu shi, daga ina wani irin zai fito? Sai ya kalli kusurwar ɗakina, inda rana ke shigowa da hantsi.

Na ce, "A'a, Tata. Kada ma ka fara."

"Sati uku kawai, Sisi. Ba ya ci, ba ya surutu."

"Ni da na rabu da namiji shekara ashirin na huta, shi ne za ka kawo min wani?"

Haka dai namijin ya tare a ɗakina, a bayan labulen gwajin kaya. Masu kawo ɗinki suna gwada riga, shi yana tsaye a gefe. Wata ta tambaye ni wace irin fulawa ce wannan, na ce rama ce ta ƙasar waje. Da 'yan ƙullan suka buɗe, Tata Velile ya zo da farar takarda ya karkaɗe garin, rawaya mai laushi kamar hoda. Ya wanke hannu, ya canja riga, ya je ya shafa wa reshe ɗaya tak na kowace mace da gashin kaza, ya ɗaura jan ƙyalle a wurin don ya gane. Bayan haka namijin ya bushe don kansa, ba wanda ya sare shi.

Sai wari. Ba wanda ya gaya masa zai kai haka, ko kuma an gaya masa bai ji ba. Da furen ya fara kauri, wani ƙamshi mai nauyi, tsakanin ɓawon lemo da jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya cika gidan, ya fito baranda, ya sauka matakala. Ya cusa gawayi a cikin safa ya toshe kafar iska, ya rage amma bai hana ba. Kuma ga shi layi ya zo kan Mama Buyiswa, ita za ta karɓi matan coci addu'ar ranar Alhamis.

Tun safe take turara gidan, ta soya albasa da gangan, ta toya fanke, ta fesa turare har ina atishawa daga ɗakina. Ƙarfe biyu mata tara suka hawo cikin jajayen riguna da fararen huluna, ni ma ina cikinsu. Aka yi waƙa ta farko lafiya. Ana cikin ta biyu sai na ga matar fasto, Mama Sigwili, ta daina waƙa tana buɗa hanci. Mace ce mai jiki da kwarjini, in ta yi shiru kowa sai ya yi. Waƙar ta mutu a bakinmu. Mama Buyiswa ta sunkuyar da kai tana murza gefen zanenta.

Mama Sigwili ta ce, "Buyiswa, wannan ba irin na yaran kan titi ba ne."

Ta sake buɗa hanci, ta ci gaba.

"Wannan na gida ne. Na kwari. Rabon da in ji shi tun ina 'yar shekara goma sha biyu. Ina yake?"

Aka kira Tata Velile daga inda ya ɓuya a kicin. Ya buɗe mata ƙofar ɗakin, ta tsaya a bakin ƙofa da littafinta a ƙirji, ta daɗe. Ta ce mahaifinta da jaki yake fitar da shi daga kwarin Mzintlava, kuma takalminta na farko daga nan ya fito. Wata tsohuwa daga baya ta ce ita kakarta dafa shi take wa masu asma. Wata ta ce a garinsu har dawaki ake ba. Kafin ka ce me, mata shida sun cushe a ƙofar ɗakin ajiya suna gardamar ko na wane kwari ya fi tsawo. Amma ba duka ba. Mama Ndzuzo ta ɗauki jakarta ta ce ita addu'a ta zo, ba kallon kayan shaiɗan ba, jikanta wannan abin ne ya raba shi da makaranta. Ta sauka ta tafi, kuma ta fi wata huɗu ba ta amsa gaisuwar Buyiswa. Tata Velile bai ga laifinta ba. Ya ce gaskiya ta faɗa, shi ma ya san yaran da abin ya kwantar.

Girbin ya ja lokaci. Na Anti Saras wata uku, nasa ya doshi bakwai. Kullum yana cikin ɗakin da gilashin masu gyaran agogo a ido, yana duban wasu 'yan ɗigo masu ƙyalli da suka rufe furen kamar an barbaɗa sukari. Ya sa ni na leƙa sau ɗaya. Ashe kowane ɗigo yana da 'yar ƙafa da ɗan kai, tsaye cirko-cirko, dubbai. Ya ce da farko garau suke kamar ruwa, yanzu sun fara zama kamar madara, in wasu suka soma ja kamar zuma lokaci ya yi. Na tambaye shi amfanin me suke wa shukar. Ya ce shi ma abin da ke hana shi sukuni ke nan: ko ƙwari take kora da su, ko rana take karewa, ya tambayi mutum uku ya sami amsa huɗu.

Ranar yanka ya aro almakashina. Da na san abin da zai faru da ban ba shi na yankan leshi ba. Mu uku muka zauna a teburin kicin, har da Mama Buyiswa da ta rantse ba za ta taɓa ba, muna rage ganyen muna barin furen. Danƙo ya kama yatsunmu, ya kama almakashin har ya ƙi buɗewa, sabulu bai fitar ba sai da muka sa man girki. Daga rassan nan masu jan ƙyalle kuwa iri ya riƙa zubowa a kan tebur, ƙwas-ƙwas, sabo, mai sheƙi. Ya tattara su da gefen hannu, ɗaya ta gangara ƙarƙashin firiji, sai da ya ja firijin.

Ya ɗaura igiyar shanya a ɗakin, ya kashe fitila, ya rataye rassan kai ƙasa. A nan teku ta nuna masa ita ma maƙwabciyarsa ce. Aka yi kwana biyar ana yayyafi, danshi ya shiga ko'ina, gishirin kicin ma ya narke. Ya buɗe wani babban fure da ya fi alfahari da shi, ya tarar cikinsa ya yi furfurar ruɓa. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya zubar. Sauran ya raba su nesa-nesa, ya sa fanka, yana lanƙwasa ƙaramin reshe kowace safiya, har ranar da ya ji ya karye ƙas maimakon ya lanƙwashe. Sannan ya zuba a kwalaben jam da Mama Buyiswa ke tarawa, kwalba shida, yana buɗe su kullum su sha iska ya rufe. Sati-sati ƙamshin na canjawa, ɗanyen warin ciyawa ya tafi, wani mai daɗi ya zauna.

Ran nan Mama Buyiswa ta tsaya a gaban kwalaben ta riƙe ƙugu. "To, manomi. Ba ka sha, ba ka sayarwa. Miya za mu yi da shi?"

Wannan tambayar ba ta taɓa zuwa masa ba. Ya tuna mahaifiyarsa kan narka kitsen rago da ganyen ta yi man shafawa na ciwon gaɓoɓi, sai ya yi irinsa don gwiwoyin matarsa. Amma ya ce a gwiwar hagu kaɗai za a shafa, ta dama a shafa mata kitse zalla, a ga bambanci. Sati biyu yana murza mata gwiwoyi safe da yamma. Da ya tambaye ta wacce ta fi sauƙi, ta ce ba ta gama tantancewa ba, a ƙara sati biyu. Ta gaya min a ɓoye cewa duka biyun sun yi sauƙi, kuma rabon da ya zauna ya riƙe ƙafarta haka tun tana goyon fari, ba ta ga dalilin gaggawar ba shi amsa ba.

Sau ɗaya ya ɗanɗana da kansa. Wata Asabar da hantsi ya dafa kaɗan da madara yadda tsofaffi ke yi, ya sha kofi ɗaya, ya zauna da agogo a hannu. Awa guda bai ji komai ba, ya ce ashe duk zuzutawa ce, ya ƙara kofi. Da azahar Mama Buyiswa ta kira ni in zo in ga ikon Allah. Na same shi kwance a tsakar falo yana kallon fankar sama, yana tambayarta me ya sa fukafukanta uku ba huɗu ba. Ya cinye burodi guda da rabin tukunyar masara da wake. Can kuma dariya ta koma tsoro, ya riƙe hannun matarsa yana cewa zuciyarsa na gudu, kada ta tafi ko'ina. Ya yi barci, bai farka ba sai da aka taso daga coci ranar Lahadi, karo na farko da aka ga kujerarsa ba kowa. Da na je gaishe shi ya ce, "Na ji, na gani, ya ishe ni. Wannan ba abin wasa ba ne, Sisi."

Cikin watan sanyi ƙanwarsa Nozukile ta zo daga ƙauye za a yi mata aikin ido, ta sauka a wurinsu. Ita ce ta zauna da mahaifiyarsu har ƙarshe. Bayan an cire mata bandeji, ya zaunar da ita, ya kawo kwalba ɗaya da sabon irin a faranti, ya ba ta labari tun daga keken ɗinki. Ya ce mata da ba a buɗe gwangwanin nan ba, da irin Mama ya ɓace daga duniya.

Nozukile ta shinshina kwalbar, ta dube shi da sabon idonta, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Bhuti, yayana, wane ɓacewa? Wannan da ke fitowa bayan garken shanu duk damina? Awaki ke cinye shi. Bara sai da na sa aka sassabe, ya hana ni hanyar zuwa rafi."

"Na Mama?"

"Na wa kuwa? Wata bakwai kana ba ciyawar bayan garke wutar lantarki!"

Mama Buyiswa ta fita baranda don kada ya ga fuskarta, amma ana jiyo ta har hawa na biyu. Shi kuwa ya sunkuyar da kai. Na ɗauka ransa ne ya ɓaci, har na fara neman abin da zan ce. Nozukile ta sake shinshinawa ta ce kuma ma ƙamshin bai yi na Mama ba, nata a ƙarƙashin jinka take shanya shi, saman murhu, hayaƙin itace na ratsa shi wata guda.

Sai ya ɗago kai. "Na bayan garken, ganyensa siriri ne kamar wannan, ko ya fi faɗi?"

"Wa ya tsaya aunawa?"

"Kuma duka awakin ke ci, ko akwai wanda suke bari?"

Ta yi ɗan tunani. Ta ce akwai wani mai jan kara a gefen dutse da ba sa taɓawa.

Da damina ta faɗi ya ce zai je ƙauye ya yi sati biyu. Mama Buyiswa ta kwashe bokitan, ta mayar da akwatunanta ɗakin ajiya, ta bar farin fentin don ta ce ya yi kyau. Sati biyu suka zama shida. Ta ce za ta je ta taho da shi ko da a ɗaure, ta hau tasi ta bar min makulli in riƙa ba furanninta ruwa. Yau watanta biyu ita ma.

Shekaranjiya ya kira ni. Ya ce in duba saman kabad in aiko masa da gilashin idon nan da takalmansa na ruwa ta hannun direban Lusikisiki. Wai iri uku ya samu a bayan garken, ba ɗaya ba, kuma ya killace akuya biyu yana ba su ɗaya bayan ɗaya. Ina jiyo Mama Buyiswa daga nesa tana cewa in haɗo da farar hularta ta coci, da tukunyar ƙarfen nan babba, don ta Nozukile ta huje.